Hayaniyar Motar Ilu

Duk wanda ya hau mota a tashar Gumel daga shekarar da aka ba mu jihar Jigawa zuwa shekara takwas bayan nan, ya san Ilu direba. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar motarsa. Ni kuwa Larai, mai tuwo a bakin tashar, na san shi tun yana yawo ba wando, don taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce. Saboda haka in kun ji na tsokane shi a labarin nan, gadona nake ci, ba mai hana ni.

Ilu gajere ne mai faɗin kai, kuma Allah ya ba shi muryar da in ya ɗaga ta da sunan waƙa, kaji sai su bar gidan. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: ban taɓa jin ya wuce tsohuwa da kaya a ka a gefen hanya ba. Layinsa Gumel zuwa Ɗanzomo ne, ranar Alhamis kuma ya zarce kasuwar Maigatari. Shekara goma sha biyu yana jan motar mutane kafin ya sami tasa ta kansa.

A Damagaram ya sayo ta, wata tsohuwar Fijo doguwa, fara, da ta sha rairayi har ta gaji. Dillalin ya ce wasu samarin Turawa ne 'yan ƙasar Sifen suka keto Sahara da ita, suka sayar, suka hau jirgi suka koma gida. Abin da suka manta a cikin rediyon motar shi ne kaset ɗaya. Ba irin na kanti ba ne mai hoto, da hannunsu suka ɗauke shi, suka yi rubutu da biro a jiki, rana kuma ta cinye rubutun.

Ranar da ya shigo tasha da ita ina cikin kwashe tuwo. Sai na ji wata irin ƙara, jita tana kuka, ganguna suna bin ta da gudu, wani mutum mai shaƙaƙƙiyar murya yana faɗa, 'yan uwansa suna amsa masa. Saura kaɗan mara ta faɗi daga hannuna.

Na ce, "Ilu, mota ka sayo ko aljanu?"

Ya ce, "Ke dai zuba min tuwo, baƙauya. Kiɗan ƙasar waje ne."

"To me suke cewa?"

"Oho musu. Amma ko me suke faɗa, har zuciyarsu suke faɗar sa."

Wanda ya fara yi mana bayani shi ne Malam Enoch, malamin gona na ƙaramar hukuma, mutumin Filato, wanda yake kaɗa jita a cocinsu. Motar Ilu yake hawa in zai shiga ƙauyuka. Ya saurara da ido rufe tun daga Gumel har Ɗanzomo, ya sauka ya ce irin wannan kiɗan sunansa rok, yaren kuwa Sifaniyanci ne, kuma mutum huɗu ne kacal suke wannan aika-aikar. Sunan ƙungiyar ya tafi tare da rubutun biro, don haka muka raɗa musu 'Yan Sifen, suna ya bi su.

Da farko fasinjoji sun yi ta mita. Wani dattijo mai zuwa sayen rago ya ce a sauke shi, gara ya taka da ƙafa. Bayan wata uku shi da kansa yake cewa, "Direba, ƙara mana murya." Ƙauyukan hanya suka daina jiran hon. Da an jiyo jitar nan daga nesa, mai buhu ya jawo buhunsa bakin titi, mai akuya ya kamo akuyarsa.

Daga nan fa kiɗan ya fita daga mota ya shiga gari, ba sallama. Cecilia matar Malam Enoch, wadda muke kira Maman Hope, ita ce shugabar zumuntar mata a coci. Ta ɗauki karin waƙa ɗaya ta ɗora masa kalmomin yabon Ubangiji, suna buga tulu suna rangaji. Mairo matar Ilu ta ɗauki wata ta kai gidan biki, matan Gumel suka yi ta cashe ta da kiɗan ƙwarya, suna yi wa dangin ango habaici a kai. Dogo mai kalangun mahauta a Maigatari ya sace gudun gangunan, in ya saki hannunsa ranar kasuwa sai ka ga ƙaton mahauci ya ajiye wuƙa ya shiga fili. Ba wanda ya nemi izinin wani. Ni kaina da waƙa ta uku nake tuƙa tuwo, don daidai take da juyin muciya.

Mutum ɗaya ce ta ce ba ta son sa, ita ce Iya, mahaifiyar Ilu, gwaggona.

Ilu ɗan fari ne a wurinta, kuma Iya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta yabonsa, in ya zo gaisuwa ranar Juma'a ta kawar da kai ta amsa a taƙaice. In dole ta ambace shi, sai ta ce "mai motar nan". Mijinta, baban Ilu, a hatsarin babbar mota ya rasu a hanyar Kano. Wata mota ce ta tsaya a ƙofar gida da la'asar, aka fito aka gaya mata. Da Ilu ya girma ya ce tuƙi zai koya, kunya ta hana ta ce masa kada ya yi, ta haɗiye abinta. Daga baya yanar ido ta rufe mata gani, sai ya zama kunne ne ya rage mata.

Gidanta shi ne na ƙarshe a Ɗanzomo, dangarsa tana kallon titi. A ƙarshen kaset ɗin kuwa akwai wata waƙa da ta bambanta da sauran, mai sanyi, jita ɗaya da murya ɗaya. Ilu ba ya saka wa fasinja ita. Da kaset ya kusa kai wa wurin sai ya juya shi. Sai ya sauke mutanen ƙarshe kafin magariba, mota ta zama wayam, sannan ya zaro kaset, ya nannaɗe zaren da biro zuwa daidai wurin, ya saki waƙar, ya wuce ta bayan dangar Iya ya kama hanyar Gumel. Kullum haka, shekara shida.

Iya kuwa duk zuwan da na yi sai ta ba ni saƙo.

"Larai, ki gaya wa mai motar nan ya daina damun mutane da hayaniyar banza."

Na ce, "To, Gwaggo."

Amma na taɓa yin mako guda a wurinta lokacin ɓarar gyaɗa, na ga abin da na gani. Za a kawo mata tuwo tun da sauran rana, ta ajiye kwanon a rufe kusa da ƙafarta, ta zauna jikin danga tana jan carbi. Sai waƙar nan ta zo ta wuce, sannan ta jawo kwano ta ce bisimilla. Ita ba ta ce tana jira ba, shi bai ce don ita yake yi ba. Ni ma na kama bakina, abin da ba halina ba.

A shekarar casa'in da bakwai kaset ya fara nuna tsufa. Sau uku zaren yana tsinkewa, sau uku Ilu yana zuwa rumfata roƙon jan farce ya liƙe shi, ina yi masa tsiya. Malam Enoch ya ba shi shawara ya kai a tura masa a sabon kaset kafin a yi asara. Shawara mai kyau ce, wallahi, ba laifinsa.

Ranar Alhamis Ilu ya kai wa Cindo mai turin kaset a kasuwar Maigatari. Cindo yana da rikoda mai baki biyu: a sa mai waƙa a baki ɗaya, a sa sabo a ɗayan, na farko ya zuba wa na biyu. Shekara goma yana wannan aiki. To ranar, daidai lokacin da ya karɓi kaset ɗin Ilu, wani bijimi ya tsinke daga kara, wurin sayar da shanu, ya biyo ta layinsu, mutane suka watse, shi ma ya haye tebur da kaset biyu a hannu. Da ƙura ta lafa ya sauko yana dariya, yana ba da labari, ya zura su a rikoda ya danna. Bai ƙara murya ya saurara ba, don lasifikarsa tana kan waƙar da yake tallatawa. Gefe ɗaya ya ƙare, ya juya su ya sake dannawa.

Ashe ya musanya bakin. Sabon kaset da ba komai a cikinsa shi ya zuba wa tsohon. Ilu ya dawo daga cin tsire aka miƙa masa kaset biyu, ya saka na farko, shiru. Ya saka na biyu, shiru.

Da yamma ya shigo tasha ba ƙara, har na ɗauka baƙuwar mota ce. Ya zauna a bencina, na zuba masa tuwo, ya tasa shi gaba yana kallo.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ya ce, "'Yan Sifen."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga idonsa ya yi ja. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Washegari Cindo ya biyo shi har Gumel da kwali guda na kaset, yana rantsuwa yana ba da haƙuri. Ilu ya ce ya yafe, ƙaddara ce, ya mayar masa da kwalinsa. An tambaya a Kano, an aika Damagaram, ba wanda ya taɓa jin irinsa. Ina za a samo abin da ba a san sunansa ba?

Ilu ya gwada dabaru. Ya saka kaset ɗin mawaƙanmu na gida ya wuce ta bayan danga, amma wace mota ce ba ta da irinsa? Ya gwada hon, kowace mota tana hon. Rana ta uku ya ce bari ya tsaya kawai ya yi sallama. Nan ya yi kuskuren da ya fi na Cindo. Iya tana jin mota ta tsaya a ƙofar gida da la'asar, ta miƙe tsaye tana salati, carbi ya faɗi. Da ta ji muryarsa ce, ta koma ta zauna, ta juya masa baya.

Ta ce, "Lafiya? Mutum ba shi da sana'a ne, sai zaryar gidan mutane?"

Bai sake tsayawa ba. Ita kuma kwanon nan sai ya kwana a rufe, da safe a ba kaji. Mako uku ana haka. Da na je duba ta na tarar zanenta yana neman zagaye ta sau biyu. Muka gaisa, muka yi zancen gero, muka yi zancen ciwon ƙafa. Har na miƙe zan tafi sannan ta yi magana, tana wasa da bakin tabarma.

"Wannan hayaniyar... hukuma ce ta hana ta?"

Na fito ina share ido da mayafi. Washegari ina tuƙa tuwo ina tunanin abin, sai na ji bakina yana bin waƙa ta uku shi kaɗai, daidai da muciya. Na tsaya cak. Na ce kai, Larai, ashe ke ma sakarya ce! Wa ya ce kiɗan ya ɓace? Ai raba shi muka yi, kowa ya kai rabonsa gida.

Ranar na bar wa maƙwabciyata tukunya na shiga gari. Malam Enoch ya ce jita tana nan a yatsunsa. Maman Hope ta ce za ta zo da mata huɗu da tulunansu. Mairo ta ce ƙwarya sai dai a zaɓa. Na aika wa Dogo, ya ce ko ba a gayyace shi ba zai zo. Cindo kuwa na je da kaina na tsaya a kansa.

Na ce, "Kai ka kashe, kai za ka haƙa. Ka ɗauko rikodarka."

Ya ce, "Yaya Larai, ko a ka zan ɗauko ta."

Malam Enoch ya so a yi a harabar gidansa. Na ce a'a, Gumel hayaniya ta yi yawa, akwai wata tsamiya a bayan dangar Iya a Ɗanzomo, wurin shiru ne. Ilu ya harare ni. Na ce masa in yana da wata dabarar ya kawo, in ba shi da ita ya ja mota.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka cika Fijo har but, tulu a cinya, ƙwarya a ka, muka tsaya nesa da ƙofar gida muka ƙarasa da ƙafa. Aka ciro batirin motar aka haɗa wa rikoda. Cindo ya saka tsohon kaset ɗin nan na 'Yan Sifen, ya duba bakin sau uku, ya kira Ilu ya duba, ya kira ni na duba.

Jama'a, ranar an sha kiɗa! Malam Enoch ya ja jita, Dogo ya bi shi da kalangu, tuluna suka shiga, ƙwarya ta amsa. Da yake ba mai jin Sifaniyanci, kowa ya rera kalmomin da ya saba ɗorawa. Matan zumunta suna yabon Ubangiji, Mairo tana yi wa dangin wani ango tsiya, duk a kari ɗaya. Mutanen Ɗanzomo suka fito suka kewaye mu, wani tsoho ya jefar da sanda ya taka. Waƙa bakwai muka ɗauka. Ilu yana tsalle kamar ɗan akuya, mun dai roƙe shi ya rufe bakinsa.

Sai aka zo ta ƙarshe, mai sanyin nan. Aka dubi juna. Malam Enoch bai taɓa jin ta ba. Dogo bai sani ba. Mairo da take matarsa ma ta ce ita ba ta san da wata waƙa ta takwas ba.

Na ce, "To ai sai mai ita ya rera, Malam Enoch ya bi shi."

Ilu ya ce, "Larai, ki ji tsoron Allah."

"Rera mana, angon waƙa."

Ya share gumi ya buɗe baki. Wayyo! Jakin maƙwabta da ke ɗaure ya amsa masa. Malam Enoch, mutumin kirki, yana ta lalube a jita, in ya bi shi sama sai ya tarar ya gangaro, in ya gangaro sai ya tarar ba kowa. Sau uku ana sakewa, kowane ya fi na baya muni. Mata suna toshe baki da zane.

Ana cikin na huɗu sai muka ji murya daga bayan danga.

"Kai! Ba haka ba ne!"

Muka waiga. Iya ce, ta dafo danga da hannu ɗaya.

"Ku in za ku yi abu ku yi shi daidai mana. Ba hawa ake fara yi ba, sauka ake. Mai jitar nan, saurara."

Sai ta fara, ba kalma ko ɗaya, da hanci kawai, a hankali. Muryar tsufa ce, tana ɗan rawa, amma ko gargada babu. Ta san inda jita take shiga, ta san inda mutumin yake jan numfashi. Malam Enoch ya bi ta a sannu, ya kama. Na taka ƙafar Cindo, ya danna, wannan karon bakin da ya dace. Dalilina ke nan na tsamiya: a makon ɓarar gyaɗar nan na ji ta tana yin ta ƙasa-ƙasa, tana zaton barci nake.

Sai dai ta kai wani wuri ta tsaya cak.

Malam Enoch ya ce, "Mama, sai ina?"

Ta ce, "Nan motar take shan kwana. Ban taɓa jin sauran ba."

Na waiga neman Ilu. Yana can jikin tsamiya ya ba mu baya, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Malam Enoch ya ƙarasa waƙar da jita yadda Allah ya nufe shi, ya yi mata ƙarshe mai daɗi. Iya ta saki danga ta ce mun cika mata kunne, a ba baƙi fura su kama gabansu.

Tun daga ranar motar Ilu ta dawo da ƙararta, har ta fi da. Direbobin Gagarawa da na Sule Tankarkar suka yi ta zuwa wurin Cindo a tura musu, ya ce kafin ya taɓa kaset ɗin nan sai Ilu yana tsaye a kansa. Waƙa bakwai ake tura wa kowa, ta takwas ba a bayarwa. Samarin nan huɗu, ko suna raye ko sun watse, ba su san suna da dangi a ƙasar Gumel ba, mun dai gode musu.

Da sati ya zagayo na je Ɗanzomo da yamma. Na tarar da ita jikin danga, kwano a rufe kusa da ƙafa. Can sai ga jita daga nesa, ga muryarta a kai, ta zo ta wuce. Ta jawo kwano ta buɗe.

Na ce, "Gwaggo, wace ce wannan mai waƙar? Ta iya."

Ta ce, "Wata tsohuwa ce marar kunya." Ta kai loma biyu, ta sha ruwa. "Larai."

"Na'am, Gwaggo."

"Ki gaya wa mai motar nan ya riƙa rage gudu in ya zo nan. Ina so in ji ƙarshen."